Kada Ka Kafa Inda Na Kafa

Zuwa ga ɗana Abdulmajid,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, motar ba ta yi zafi a hawan dutse ba, kai ma ba ka yi gudun nan naka ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Na san za ka yi mamaki ka buɗe butar shayi ka tarar da takarda a ciki. Na duba kayanka kaf, ban ga abin da na tabbata za ka buɗe tun ranar farko ba sai ita. Da baki na so in faɗa maka, to amma na san halinka: ina fara magana za ka ce "ɗayyib, ɗayyib ya Baba", wato "to, to" ɗinku na Larabci, idonka na kan waya. Takarda kuwa ba a ce mata ɗayyib. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san karatunka na Hausa ɗingishi yake yi, dole ka bi ta a hankali, abin da nake so ke nan.

Kamfaninku ya ce babu gidan haya a ƙaramin garin nan na kan dutse, gaba da Ɗa'ifa, inda za ka yi wata shida kana haɗa wa manoma wutar sola. Sun ba ka karafan, motar nan mai ɗaki da gado da kicin, sun ce ka nemi inda za ka ajiye ta da kanka. A wurinka wannan ƙaramin abu ne: ka buɗe waya, ka kalli hotunan filayen da ake haya don kafa tanti da ajiye irin motar, ka zaɓi wanda ya fi kyan fitilu. A wurina kuwa babban abu ne, kuma ga dalili.

Ka ji abin da likita ya ce wa Ummanka watan jiya. Zuciyarta ba za ta ɗauki zafin Makka na bana ba, ta nemi wuri mai sanyi ta yi ko da wata biyu ne. Ka kuma san amsarta duk lokacin da aka ambaci hawa sama: shekara ashirin da takwas ke nan tana cewa ita da kan dutsen nan sai dai a hoto. A gidan nan ko sunan garin ba a faɗa, "can" ake cewa. Amma ranar da ka zo da labarin aikinka, tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "In yaron nan ne ya zaɓi wurin, zan je. Amma Malam ba zai zaɓa ba, kuma ba zai taɓa igiya ba." Ko Malam ɗin zai je ko ba zai je ba, ba ta faɗa ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Ka ga ke nan wurin da za ka zaɓa ba naka ba ne kai kaɗai. In ta zo ta ga bai yi mata ba, motar da ta kai ta ita za ta juyo da ita cikin zafin nan, kuma ba za ta sake yarda ba. Ba ka taɓa jin labarin "can" daga farko har ƙarshe ba, domin ni nake bayarwa, kuma kullum ina tsallake wuraren da ba su yi mini daɗi ba. Yau ba zan tsallake ba.

Lokacin na shekara goma sha biyu ina aikin tanti a Mina, tun ana kafa na yadi ana cirewa bayan Hajji, kafin a zo da waɗannan da ba a taɓawa. Ni ake kira in igiya ta gagara. Tsakanin asuba da azahar ni da mutanena sai mu jera tanti arba'in, layi ɗaya kamar an ja da zare. Saboda haka na ɗauka duk wani ilimin tanti da ke duniya yana cikin kaina. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a Mina ban taɓa zaɓar wuri ba ko sau ɗaya. Nuna mini ake yi da sanda a ce kafa nan, in kafa.

A shekarar Ummanka tana ɗauke da kai, wata bakwai, ɗakinmu na unguwar Utaibiyya kuma ya zama tanda. Da jiƙaƙƙen zane take wuni. Tausayinta ya kama ni, na ce zan kai ta sama ta sha iska kwana uku. Na ari tanti a ma'ajiyar wurin aiki, na ari tsohuwar motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinmu, na sayi ƙanƙara na cika kula, na ɗauki fanka mai batir wadda nake ji da ita. Da na ga ta fito da bargo sai na yi dariya har na kira maƙwabta su gani, mace za ta gudu daga zafi da bargo a hammata. Ita kuwa ta naɗe tukunya da shi ta ce don kada ta yi ƙara a hanya.

A bakin garin muka wuce wani fili mai katanga, da tankin ruwa a sama da 'yan bishiyoyi suna leƙowa. Ta ce mu tsaya mu tambaya ko suna karɓar baƙi. Na ce mata mutumin da yake kafa wa dubban alhazai tanti ba ya raɓewa a bayan katangar wani. Ka riƙe wannan filin a ranka, za mu dawo gare shi.

Muka wuce garin muka shiga sarari. Ni da na tashi a unguwar da in maƙwabci ya yi atishawa ta taga za ka yi masa addu'a, ban taɓa ganin wofi irin wannan ba. Duwatsu, ƙaya, sama, shi ke nan. Gabana ya faɗi, ban dai nuna ba. Can sai na hango tanti ɗaya tilo da farar mota a gefensa, hayaƙi na tashi. Na ce alhamdulillahi, ga mutane. Na nufe su kai tsaye, na sauke kaya, na kafa nawa a jikin nasu yadda muke yi a Mina, taku biyu tsakani. Da na ga wani turkensu ya kafu da kyau sai na ɗaura igiyata a kai, domin a wurinmu ɓarna ce a buga turke biyu inda ɗaya zai isa.

Ummanka ta raɗa mini cewa matan gidan duk sun shige ciki sun saki labule. Na ce kunyar baƙi ce, za su saba. Maigidan ya fito, wani siririn dattijo mai jan gemu, ya yi mini maraba, ya zuba mini gahawa har sau uku, ya tambayi lafiyata da ta iyayena da ta mutanen Makka baki ɗaya. Muna cikin haka na ga 'ya'yansa suna naɗe shimfiɗu. Kafin la'asar sun kwance igiyata sun miƙa mini da hannu biyu, sun loda kaya sun tafi. Na bi su da ido har na ga sun tsaya can gindin wani dutse suna sake kafawa.

To, ga wuri na farko da nake tsallakewa. Na zauna na yi nazari, na ce mutanen nan 'yan ƙasa ne, ba za su tashi haka kawai ba, lalle sun san wani abu game da wurin nan, ƙila macizai ne. Na cire tantina na bi su. Na sake kafawa kusa da su, wannan karon na bar taku huɗu saboda Ummanka ta matsa mini. Dattijon ya sake fitowa, amma babu gahawa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dubi filin da mota za ta wuni tana gudu ba ta ƙure shi ba, sannan ya dube ni.

"Ya Hajji, ƙasar Allah ce ta ƙare?"

Sai a lokacin na gane. Mu a Makka kusanci shi ne zumunci, su kuwa sun fito daji ne don matansu su ajiye mayafi su sha iska, 'ya'yansu su yi gudu ba mai kallo. Ni na zo na mai da su kulle. Saboda haka ɗana, in ka shiga filin haya, kafin ka dubi fitilu da furanni ka dubi tazarar da ke tsakanin mota da mota. Ka tambaya ina ne ɓangaren iyalai, ina ne na gwauraye, domin yanzu kai gwauro ne, amma in Ummanka ta zo ka zama iyali, kuma ba za ta zauna inda samari ke karta a ƙofarta ba. Ka juya ƙofar karafan ɗinka ta kalli inda babu ƙofar wani. Ka gai da maƙwabci daga nesa, ka bari shi ya kira ka. In kuma ka ga ya tashi, kada ka bi shi.

Na kwashe kayana cikin kunya na matsa can nesa, kan wani tudu da babu ko ciyawa. Ganina wurin ya yi: a buɗe yake ta ko'ina, iska na kaɗawa, dama iskar muka zo nema. Da asuba na gane cewa iska iri biyu ce, akwai wadda ake nema akwai wadda take neman mutum. Ni da ban taɓa sanin ɗari ba sai na ruwan firji, na tashi haƙorana na haɗuwa da juna, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Na je yin alwala, ruwan ya taɓa fuskata, na ji kamar an mare ni. Fankata tana tsaye a kusurwa tana kallona. Ban san lokacin da na kwance bargon daga jikin tukunya ba, ban kuma san yadda aka yi na naɗe da shi ni kaɗai har kai ba. Da gari ya waye na leƙo, na ga Ummanka zaune ta rufa da sallaya da ƙyallen shimfiɗar abinci. Ta ce mini, "Tukunyar fa za ta yi ƙara."

Kai ma haihuwar Makka ne, jikinka bai san komai ba. Kada ranar da ka tarar da tsakar rana ta ruɗe ka. Can sama rana tana ƙona ka da azahar, asuba kuma ta rama wa kanta. Ka nemi wurin da dutse ko katanga ta tare masa iska, ka tambayi mai filin ta ina take zuwa, in ya ce babu iska a wurinsu ka dubi bishiyoyi, duk inda suka karkata can take tura su. Tudun da ya fi ko'ina kyan hoto yawanci shi ne wanda ba a iya tafasa shayi a kansa.

Yanzu ga babban. Tun da tudu ya ci amanata, na ce sai kwari. Na zagaya na samu wani kwari mai faɗi, yashi lallausa kamar an tankaɗe, babu dutse ko ɗaya, ga bishiyoyi kore shar, ga inuwa, iska ba ta shiga. Na ce wa Ummanka ta dubi ikon Allah, wuri irin wannan amma ba wanda ya kafa a ciki, mutanen ƙasar nan ba su san tanti ba. Motar ce kawai na bari a bakin hanya, don mai ita ya gargaɗe ni kada in shigar masa da ita yashi. Na sauko da kaya a ka, na kafa tanti mafi kyau da na taɓa kafawa a rayuwata. Har yau in na tuna yadda igiyoyin nan suka miƙe sai in ji daɗi.

Ita kuwa ba tantin take kallo ba, sama take kallo. Ta nuna mini reshen wata bishiya, ta tambaye ni me ya kai ledoji da busassun karare can, sama da tsayina. Na ce sheƙar tsuntsaye ce. Ta ce ita ba ta taɓa ganin tsuntsun da yake gini da silifa ba. Na duba, da gaske akwai silifa ƙafa ɗaya a maƙale. Na ce mata Mina ma kwari ne, kuma shekara goma sha biyu ina kafawa a ciki. Wani makiyayi ya zo wucewa da awakinsa ta gefen tudu, ya tsaya ya daɗe yana kallonmu, ya ɗaga murya ya faɗi wata magana yana nuna duwatsun kudu. Larabcinsu na ƙauye ne, iska kuma ta kwashe rabi. Na ɗaga masa hannu na ce Allah Ya yi albarka, don na ɗauka tantin yake yabo.

Bayan azahar na ce ta shiga ta kwanta ta huta. Ta ƙi. Ta ɗauki bargon da ledar burodi da sallayarta, ta hau gangaren a hankali tana dafa duwatsu, ta samu wani faffaɗan dutse ta zauna a rana. Na kira ta, ta ce nan ya fi mata. Raina ya ɓaci, na ce fushi take yi saboda bargon asuba, na shiga tantina na kunna fanka na miƙe ƙafa.

Ko ɗigon ruwa bai sauka a kanmu ba, Abdulmajid. Sama tas take. Can nesa ne kawai, kan duwatsun da makiyayin ya nuna, aka yi baƙi ana ɗan rugugi. Abin da na fara ji shi ne muryarta, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, kafin ranar ko bayanta. Sunana ta kira, sunana na yanka, wanda ba ta taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura mana aure. Na fito, na ji wani ƙugi kamar manyan motoci sun jero, na waiga na ga ruwa ja jawur yana tahowa da itatuwa a gaba. Na koma ciki da gudu don in ceci abu ɗaya. Akwai tukunyar abinci, akwai jakar kayanmu, akwai kula cike da nama. Na fito da fanka.

Ruwan ya kama ni a gwiwa kafin in kai gangare, ya cire mini takalma, na hau da rarrafe. Na juyo daidai lokacin da tantin ya tashi, ya yi juyi ɗaya a tsaye kamar yana sallama, ya wuce. Na zauna kusa da ita ina ɗiga, fanka a cinyata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Mutane suna dariya in na kai nan, ni ma ina yi. Amma bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ta bi maganata, da tana kwance cikin tantin nan tana barci, da nauyin wata bakwai, kuma ba za ta iya gudun da na yi ba. Da babu ita, da babu kai. Ni da na fito da ita don tausayi, ni na shimfiɗa mata tabarma a hanyar ruwa, don kawai kada a ce mai tantin Mina ya tambayi wani. Shekara ashirin da takwas ke nan ban daina tunawa ba. Ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba, wasa na mai da abin, ita kuma ta bar ni ina wasan.

Don haka in ka manta duk abin da ke takardar nan, kada ka manta wannan. Duk inda ka ga yashi ya yi laushi ya kwanta sumul, ruwa ne ya shimfiɗa shi, kuma zai dawo duba aikinsa. Ka ɗaga kai ka dubi rassa. Ka dubi gindin katangar filin, in akwai zanen laka a jiki ka auna tsayinsa da ƙafarka. Ka dubi hanyar shiga ma, domin wani filin yana kan tudu amma sai an ratsa kwari kafin a kai asibiti, kuma da Ummanka a wurin wannan ba ƙaramar magana ba ce. In makiyayi ya yi maka magana ba ka ji ba, ka taka ka je ka ce ya maimaita.

Muna zaune a kan dutsen sai ga birai, irin manyan nan masu jan gindi, sun sauko su goma sha. Abin da ya rage mana a duniya ledar burodin nan ce, na karɓa na riƙe a matsayina na namiji. Babbansu ya tako har gabana, ya zauna, ya dube ni kamar mai karɓar haya, ya miƙo hannu ya zare ledar. Na ɗaga fanka zan buge shi, ya buɗe baki ya nuna mini haƙora, na sauke fankar. A nan ne Ummanka ta fara dariya, ta yi ta yi har da hawaye tana riƙe ciki, har na tsorata kada ka fito a wurin. In ka je duba fili ka leƙa wurin zuba shara. In murfin na ƙarfe ne da sakata, masu wurin sun san maƙwabtansu. In a buɗe yake shara a warwatse, to ba kai kaɗai za ka zauna a karafan ɗin ba.

Rana ta yi sanyi sai muka ji ƙarar mota a bakin hanya. Farar mota ce. Dattijon nan mai jan gemu ya sauko, makiyayin ne ya kai masa labarin wani baƙo da ya kafa a bakin ruwa, shi kuma bai buƙaci a faɗa masa wane baƙo ba ne. Ya dube ni ba takalmi, ya dubi fanka, ya ce, "Ya Hajji, yau ni na biyo ka." Ya sa muka bi shi a baya har bakin gari, ya tsaya a ƙofar wani fili mai katanga da tankin ruwa a sama. Nasa ne. Ummanka ta dube ni ta gefen ido, ni kuma na dubi sitiyari.

Matansa suka shige da ita ciki, aka ba ni busasshiyar riga da ta tsaya mini a gwiwa. Da magariba ta yi ya tara 'ya'yansa a tsakar filin, ya ce baƙo daga Makka, maƙwabcin Ɗakin Allah, shi zai ja mu. Na ji mutuncina ya ɗan dawo. Na shiga gaba na tsaya yadda na saba tsayawa a gidanmu na Utaibiyya, mafaɗar rana a hannun damana. Na ɗaga hannu zan yi kabbara sai na ji an dafa kafaɗuna biyu, an juya ni a hankali kamar ana juya tulu, har na fuskanci inda rana ta faɗi. Ashe kwana biyu ina sallah ina kallon Yaman. Na tuna duk tafiyar nan Ummanka takan bari in idar sannan ta shimfiɗa sallayarta ta kalli wani gefen daban, ni kuma na sa wannan ma cikin lissafin fushi. Wanda ya tashi yana ganin hasumiyoyin Harami ta saman bene bai taɓa koyon neman alƙibla ba. Wayarka za ta nuna maka, na sani, amma ka samu wurin da ake jin kiran sallah, ka kuma bi sahu kafin ka yarda a tura ka gaba.

Sauran abubuwan kai ka fi ni sani: ruwa, wutar da za ka jona, inda ake zubar da ruwan datti na motar, ko waya tana kamawa. Abin da zan ƙara shi ne kada ka biya don hoto. Ka je da ƙafarka, ka je ranar Alhamis da yamma lokacin da mutanen birni suke hawowa da motocinsu da lasifikarsu, ka ga yadda wurin yake in ya cika. Ka shiga bayan gida ka ƙirga matakala, gwiwoyin Ummanka ba sa son abin da ya wuce biyu. Ka zauna ka sha shayi da mai gadin wurin, shi zai gaya maka abin da mai filin ba zai faɗa ba.

In ka tace ka samu biyu ko uku, ga shawarata ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi tsada a wurina don da tanti guda na saye ta. Kada ka zaɓa. Ka ɗauki hoton kowanne, ba fitilun ba, rassan bishiya da gindin katanga da ƙofar maƙwabta da murfin shara, ka turo mata. A tafiyar nan sau biyar ta ga abin da ban gani ba, ba ta taɓa kafa tanti ba kuwa a rayuwarta. Ta ce kai za ka zaɓa, to ka bar ta ta nuna da sanda, kai ka kafa. Haka aka yi da ni a Mina, kuma tanti bai taɓa tafiya ba.

Da na yi niyyar in roƙe ka ka sa baki a maganata, ka tambaye ta a fakaice ko akwai wurin tsoho ɗaya a tafiyar, ko da a ƙaramin tanti ne can bayan mota. Har na fara rubutawa. Sai ɗazu bayan la'asar na hau saman bene duba tankin ruwa, na tarar an yi shanya. Ka san babu mai wanke bargo a Makka cikin watan nan. Tsohon bargon nan ne, wanda ya naɗe tukunya, ashe duk shekarun nan yana ƙasan akwatinta. Kusa da shi kuma ga wani sabo, ko alamar ninkin kanti ba ta bar jikinsa ba. Na sauko na same ta a kicin, na yi gyaran murya, na ce na ga bargo har biyu a kan igiya.

Ba ta juyo ba ta ce, "Wancan karon ɗaya na kai, ban samu na rufa ba."

Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata ta yi haƙuri. Ta ce na me. Na ce na kwarin. Ta ci gaba da juya miya, ta ce in miƙo mata gishiri.

Saboda haka ka nemi wurin da zai ɗauki mutum uku. Na yi alkawari hannuwana za su zauna a aljihu, ko na ga igiyarka ta saki ba zan ce uffan ba, sai dai in yi tari.

Allah Ya tsare ka daga ruwan da ba ka ga hadarinsa ba, da iskar asuba, da birai, da irin kan mahaifinka. Ya sa ka gama aikinka lafiya, Ya ba Ummanka sauƙi, Ya kai mu gare ka Ya dawo da mu gaba ɗaya. Ka riƙe sallah, ka kira ta kullum ko ba ka da labari. Fankar tana nan, har yanzu tana aiki, amma an ce ba za ta je ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isiyaku mai tanti
Utaibiyya, Makka